Dokin Ƙarfe a Birnin Motoci

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu, akwai wani abu da mu ke rainawa a nan Abuja, alhali kuwa da shi iyayenmu da kakanninmu suka yi aiki suka rufa wa kansu asiri. Abin nan shi ne keke, wanda waɗansu ke kira basukur, waɗansu kuma dokin ƙarfe. Ni mahayin keke ne, yau shekara biyu ke nan, kuma ina so in bayyana muku dalilina, don na ga maganar ta shafi duk wanda za a ba takardar shaidar malanta a tura shi ƙauye ya koyar.

Kakana malamin elementare ne a ƙasar Zazzau zamanin En'e. Yana da wani baƙin keke ƙirar Raleigh, irin wanda a dā a kan ƙera a Nottingham ta Ingila, daga baya har aka kafa masana'antarsa a Kano. A zamaninsu keke abin girma ne, har lasin a kan yankar masa ko wace shekara. Bisansa ya kan tafi makaranta, bisansa ya kan ɗauko hatsi daga kasuwa, in kuwa wani ya kwanta ciwo a gida, shi ne motar kai shi asibiti. Ko wace Jumma'a da safe sai ya goge shi tas, ya ɗiga wa sarƙar mai, ya duba burki. Ya kan ce mana, a cikin dukan shekarun aikinsa ba a taɓa buga ƙararrawar shiga aji ba ya nan ba.

Shi keke ba daɗaɗɗen abu ba ne ƙwarai. A 1817 wani Bajamushe, Karl von Drais, ya ƙera na katako wanda ba shi da feda, sai dai mutum ya riƙa tura ƙasa da ƙafa. A 1885 John Kemp Starley na Coventry ya fito da irin wanda mu ka sani yau, mai ƙafa biyu daidai wa daida da sarƙa mai juya ta baya. A 1888 John Boyd Dunlop ya yi tayar da a ke hura wa iska. Tun daga nan siffarsa ba ta sake sosai ba, abin da ya nuna masu ƙirar sun dace tun da fari.

To, Abuja fa ba don mai keke aka zana ta ba. A ran 3 ga Fabrairu 1976 Janar Murtala Muhammed ya ba da sanarwar za a gina sabon babban birni a nan, bayan rahoton kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, sa'an nan gwamnati ta ƙaura daga Ikko ran 12 ga Disamba 1991. An tsara birnin a zamanin da kuɗin man fetur ya yawaita, saboda haka aka shimfiɗa hanyoyi masu faɗi da gadoji, kamar dai ko wane mazauni zai mallaki mota. Amma da yawa daga masu aiki a Garki da Wuse da Maitama ba a can su ke kwana ba, sai a Kubwa, Nyanya, Karu, Lugbe, Gwagwalada, ko Mararaba ta Jihar Nasarawa. A 2006 kuma aka hana 'yan acaɓa shiga tsakiyar birni. Mai ƙaramin ƙarfi sai ya zama ba shi da zaɓi illa tsayuwa bakin hanya yana jiran mota.

Abin ya ƙara tsanani a ran 29 ga Mayu 2023, sa'ad da Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin mai. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce naira 1,000. A Yulin 2024 aka mai da albashi mafi ƙanƙanta naira 70,000. Mu da a ke koya mana koyar da lissafi, sai mu buga mu gani: a farashin ƙarshen wannan shekara, albashin nan dukansa bai sayi lita 70 ba. Kuɗin mota kuwa bin na mai ya ke yi sau da ƙafa.

Na ga abin da wannan ke haifarwa da idona sa'ad da aka tura ni gwajin koyarwa a wata firamare ta ƙauye a yankin Gwagwalada. Akwai malamai masu ƙwazo a can, amma waɗansu ba su isowa sai hantsi ya dubi ludayi, don sun tsaya neman mota mai sauƙin kuɗi. In wata ya yi nisa kuwa, wani ma sai ya kwana biyu bai zo ba. Yara su share fili, su shiga aji, su zauna suna kallon allo babu kome a kai. Ba na zargin malaman nan, gama na san aljihunsu. Amma darasin da ya wuce yaro ɗan aji uku da wuya a rama masa shi, kuma uban da ya ga ɗansa na komowa gida bai koyi kome ba, gobe gona zai tura shi.

Ni kekena na hannu ne, na saye shi da kuɗin da na tara na aikin hutu. Tsakanin masaukina da makarantar kamar kilomita takwas ne, na kan ci su cikin minti talatin da biyar ba tare da gaggawa ba. Abin da ya ke ci mini bai wuce kuɗin faci da ɗan mai da robar burki ba. Ba na jiran kowa, ba na ciniki da kwandasta. Na kan gaisa da Gbagyi masu tafiya gona, da matansu ɗauke da doya a kafaɗa, har na san iyayen yarana da yawa tun a hanya. Jikina kuma ya yi ƙarfi, barcina ya yi daɗi.

Ba'a kam na sha ta. Waɗansu abokaina su kan ce, "Kai, da iliminka za ka hau abin masu tallan rake?" Ni dai na kan ce musu, mai tallan rake ya isa kasuwa tun ba su sami mota ba. Wannan raini ba a kaina aka fara shi ba. A 2001 Ministan Sufuri, Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran mutane su koma ga keke, shi da kansa ya hau zuwa aiki a nan Abuja, har wata bas ta ture shi ya faɗa kwata. Mutane suka yi ta dariya. A ganina abin da ya kamata a koya a ranar shi ne, hanyar da minista bai tsira a kanta ba lalle tana bukatar gyara.

Yanzu kuma ga wani sabon abu ya shigo, watau keke mai lantarki. Siffarsa ta keke ce, sai dai an sa masa ƙaramin inji a cibiyar ƙafar baya ko wajen feda, da batir irin na wayar hannu amma babba. In ka taka feda sai injin ya taimake ka, ka ji kamar wani na tura ka daga baya. A ƙasashen Turai doka ta ce ƙarfin injin kada ya wuce wat 250, kuma ya daina taimako in gudu ya kai kilomita 25 a sa'a. Wani abokina ya ara mini nasa yini guda, na hau tudun da kullum ke sa ni haki, na kai ƙarshensa ko gumi ban yi ba. Wanda ya san tuddan Abuja da zafin watan Maris ya san wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce ga malamin da zai tsaya gaban aji da tufafi masu tsabta.

A nan ma mu yi lissafi. Batirin irin wannan keke ya kan ɗauki wajen rabin yunit na wuta, ya kai mutum kilomita 40 ko fiye. A Afrilun 2024 aka sa yunit mafi tsada naira 225. Ke nan cika batirin a wannan farashi ɗari da 'yan kai ne. Amma fa kada daɗin lissafi ya ruɗe mu. Kuɗin sayensa ya ninka na keken gargajiya sau da yawa. Batirin ya kan gaji bayan 'yan shekaru, sabo kuwa tsada gare shi. Ƙauyen da babu wuta sai an haɗa da faifan hasken rana. Jabun caja na iya ta da gobara, saboda haka ba a barinsa jone a ɗakin kwana a yi barci. Mai gyaran keke na gindin bishiya ya san faci da sarƙa, amma ba kowa ya san injin ba tukuna. Shawarata ga ɗalibi ita ce ya fara da na gargajiya. Wani abin tunani kuma, ma'adinin da a ke yin batirin da shi, watau litiyom, a Jihar Nasarawa maƙwabciyarmu a ke haƙo shi. Ashe yaran da za mu koya wa kimiyya suna da aiki a gabansu.

Wanda ke zaton keke alamar talauci ce, ya dubi Holan, inda kekuna sun fi mutane yawa, manyan ma'aikata kuma bisansu su ke zuwa ofis. A ƙasar Sin masu ƙafa biyu na lantarki sun haura miliyan 300. A Wagadugu ta Burkina Faso mata da maza duk suna hawa, ba mai kallon wani, wannan kuwa abin lura ne ga 'yan'uwanmu mata. A 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 3 ga Yuni ta zama ranar keke. A nan gida muna da filin tseren keke a babban filin wasa na Abuja, wanda aka gina don wasannin Afirka na 2003. A 2024 Ese Ukpeseraye ta zama ta farko da ta wakilci Nijeriya a tseren keke na Olimfik, a Faris, har sai da 'yan Jamus suka ara mata keke a wani sashe na gasar.

Saura maganar haɗari, ita ce babba. Rigakafi ya fi magani. Tun 1972 Nijeriya ta koma bin hannun dama, mai keke ma haka doka ta hau kansa, kada ya bi hanya a baibai. Ya sa hular kwano, ya ɗaura fitila gaba da baya, ya sa tufa mai haske, ya tattare bakin riga da wando kada sarƙa ta kama. Ya miƙa hannu kafin ya karya kwana. Ya guji manyan hanyoyi irin ta Kubwa da ta filin jirgin sama, inda motoci ke gudu kamar an koro su.

Ina roƙon hukumar kwalejinmu abu uku. A yi mana rumfar ajiye kekuna mai tsaro kusa da azuzuwa. A yarda mu kafa ƙungiyar mahaya, inda za mu koyi gyara da dokokin hanya, mu kuma yi adashi don wanda ba shi da keke ya samu kafin a tura shi gwajin koyarwa. Sa'an nan a sa tsaron hanya cikin abin da za mu koya wa yara, gama direbobin gobe suna zaune a aji ɗaya yau, wanda kuwa ya taɓa hawan keke ba ya matse mai keke in ya riƙe sitiyari. Su kuma masu mulkin birni, mu riƙa tuna musu da ladabi su keɓe wa masu ƙafa biyu gefen hanya.

Zomo ba ya kamuwa daga zaune. Mu ne za a tura Abaji da Kwali da Kuje da Bwari, kuma yara za su jira mu da ƙarfe takwas ko mai ya yi tsada ko ya yi araha. Allah ya kai mu lafiya, ya komo da mu lafiya, amin.