Taswirar da ɗan makiyayi ya zana mini

A ajin da nake koyarwa a Dakoro akwai tsohuwar taswirar Nijar a jikin bango, rana ta cinye launinta. Garinmu ɗigo ne guda a arewacin Maraɗi, ba komai kewaye da shi. Shekara da shekaru ina nuna ɗigon nan da sanda, yara suna maimaitawa, ina ganin na yi aikina.

Wata rana na ce kowa ya zana hanyar da yake bi daga gida zuwa lakwal. Yawancinsu suka ja layi biyu da ƴan murabba'ai. Wani yaro ɗan makiyaya, wanda ba ya cika magana ba, ya ce: "Mushe, gidanmu tafiya yake yi. Wane zan zana?" Na ce ya zana duka.

Washegari ya kawo takarda biyu da ya manne da ƙaro. Ya zana kwarin Tarka, ya ja burtalin da shanunsu suke bi zuwa kudu bayan girbi. Rijiya mai zurfi ya yi mata da'ira biyu, mai ɗan zurfi da'ira ɗaya. Tabkin da ke ƙafewa da wuri ya bar cikinsa fari. Inda gonaki suka matse burtali, ya shafa jar ƙasa. Nisa kuwa da zango ya auna shi. A gefe ya rubuta ma'anar kowace alama, alhali ban taɓa koya masa haka ba.

Na daɗe ina kallon takardar. Kyanta shi ne duk abin da ke ciki yana da amfani ga mai tafiya, abin da ba shi da amfani kuma ya bar shi. Ko ni da ban taɓa kiwo ba, zan san inda zan shayar da dabba da inda zan yi hattara.

Jar ƙasar nan ce ta fi tsaya mini a rai. Tun 1961 doka ta shata iyakar noma ta arewa, kuma a yankinmu kwarin Tarka ake nunawa in ana maganarta. A 1993 aka kafa dokar karkara, wadda ta zo da kwamitocin kula da filaye. Duk da haka kowace kaka ana jin rigimar manoma da makiyaya, sau da yawa a kan ƴan taku kaɗan da kowa yake rantsuwa nasa ne. Yaran da ke gabana su ne za su zauna a waɗannan kwamitoci gobe. Wanda bai iya karanta taswira ba, sai abin da aka faɗa masa zai sa wa hannu.

Zanen ƙasa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Baturen nan Clapperton taswirar ƙasashe da koguna a Sakkwato, aka buga ta a Ingila.

Malamai, mu bar yara su fara da unguwarsu kafin mu kai su Faransa. Iyaye, ku zauna da su, ku faɗa musu sunan kowace rijiya da kowane tabki, su sa a takarda. Taswirar yaron nan tana bango yanzu, kusa da tsohuwar. In an tashi hutu, gabanta ɗalibai suke taruwa suna gardamar ina ya manta.