Ma'aunin Aikin Ma'aikaci

Duk sa'ad da aka ce ƙungiyar ƙwadago ta zauna da masu ba da aiki, abin da kowa ke kasa kunne ya ji shi ne nawa aka ƙara. To, akwai wani sashe na yarjejeniya wanda ba a cika waiwayarsa ba, alhali kuwa shi ne ke ɗaga mutum ko ya danne shi, watau sashen da ya tsara yadda za a auna aikin ma'aikaci a ƙarshen shekara.

A da can, shugaban ofis yakan rubuta rahoton asiri a kan na ƙasa da shi, a kulle a fayil, mai shi bai san abin da aka faɗa a kansa ba. Kwamitin Cif Jerome Udoji, wanda gwamnatin Janar Gowon ta kafa a 1972, ya miƙa rahotonsa a 1974, ya ba da shawarar a bar wannan hanya, a riƙa nuna wa ma'aikaci abin da aka rubuta, ya karanta ya sa hannu. Daga nan aka sami takardar da ma'aikata ke kira APER. Jama'a dai kuɗin Udoji suka riƙe, da tsadar kaya da ta biyo baya, amma a ganina wannan sa hannun ya fi kuɗin daraja. Shekara ɗaya bayan haka, a 1975, aka sallami ma'aikata fiye da 10,000, da yawansu ba a ba su zarafin kare kansu ba.

Na yi shekaru ina akawu a wani ofis, takardun nan suna ratsawa ta hannuna. Abin da na gani shi ne, da asiri ya kau, sai kunya ta maye gurbinsa. Shugaba ba ya iya duban idon wanda suke gaisawa kullum, ya je sunan 'ya'yansa, sa'an nan ya rubuta cewa malalaci ne. Saboda haka kowa ya zama gwani a takarda: mai zuwa da ƙarfe takwas da mai zuwa bayan hantsi, makinsu ɗaya. Wanda aka cuta kuwa shi ne mai ƙwazon, domin ma'aunin da ya kamata ya fifita shi ya daina rarrabewa. In kuwa aka ga an ba wani maki kaɗan, sau da yawa wata tsama ce tsakaninsa da shugaba. 'Yan kasuwa sun fi mu sanin wannan, don babu mai shago a Kantin Kwari da zai yaye yaronsa da jari bisa yabon baki, sai ya duba littafin ciniki.

Shi ya sa nake ganin wajibi ne wakilan ma'aikata su tsaya a rubuta sharuɗɗan awo filla-filla. A gaya wa mutum tun farkon shekara abin da ake nema gare shi. In ya gaza, a faɗa masa a rubuce tun da sauran lokacin gyara, kada a ɓoye sai ranar cika takarda. A kuma bayyana cewa sa hannunsa shaida ce ta ya gani, ba ta ya yarda ba, kuma yana da ikon ɗaukaka ƙara ga wani wanda ba shi ya rubuta rahoton ba, da wakilin ƙungiya a gefensa. Amma fa ita ma ƙungiya kada ta mai da wannan kariya mafakar rago.

Rubutun ma kaɗai bai isa ba. Kotunan Nijeriya sun daɗe suna hukunta cewa ma'aikaci ba zai kafa hujja da yarjejeniyar ƙungiya ba sai in an shigar da ita cikin takardar ɗaukarsa aiki. Gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon fassara irin waɗannan yarjejeniyoyi, kuma ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya na 2021 sun kawo sabon tsarin awo a madadin APER. Duk da haka, wanda ke banki ko masaƙa ya ɗauko takardar ɗaukarsa aiki ya duba ko an ambaci yarjejeniyar a ciki, in babu ya kai maganar ga sakataren reshensu.