Gidan Haya Ko Naka Na Kanka?

Akwai wata magana da ba ta ƙarewa a gidajenmu a nan birnin Sakkwato. Duk sa'ad da shekara ta zagayo, mai gidan haya ya aiko da labarin ƙari, sai miji da mata su sake tayar da ita: mu ci gaba da haya, ko kuwa mu daure mu yi namu? Ni malamin makaranta ne, mutumin ƙasar Zuru, na daɗe ina haya a Mabera. Ina so in faɗa wa mai karatu yadda muka auna wannan magana ni da mai ɗakina, ko wani zai ƙaru.

Da fari, bari mu ga abin da ya sa gida ya yi tsada. Sakkwato ta zama babban birnin Jihar Arewa Maso Yamma a 1967, aka kafa jami'a a 1975, ma'aikata suka yi ta shigowa. Wuraren da dattawa suka sani gonakin gero ne, kamar Arkilla da Bado da Dambuwa, yau gidaje sun cinye su. A 'yan shekarun nan kuma 'yan bindiga sun tayar da ƙauyuka a ƙasar Isa da Sabon Birni da Goronyo, mai hali ya kwaso iyalinsa ya yo birni. Masu neman ɗaki sun fi ɗakuna yawa.

Sa'an nan a watan Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, darajar naira kuma ta faɗi. Tun 1967 ake yin siminti a Kalambaina, nan bakin gari, amma wannan bai tsare mu ba. Buhun da bai kai naira 5,000 ba a farkon 2023 ya haura 10,000 a wurare da yawa na ƙasar nan a Fabrairun 2024. Rodi da kwano da yashi suka bi sahu. Mai gidan haya shi ma kasuwa ɗaya muke ci da shi, domin haka ya ɗora mana.

Mai ɗakina ta tsaya a kan gini. Ta ce zanen aro ba ya rufe katara. Kuɗin da muka zuba a haya, in ji ta, ko bulo ɗaya bai bar mana ba. Wanda muke tarawa a banki kuwa narkewa yake yi, gama a Disamba 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Amma maganar da ta fi nauyi ita ce wadda ta faɗa a hankali. Ta ce, "Malam, ran da ka bar aiki albashi zai tsaya, haya ba za ta tsaya ba. In kuma ka riga ni tafiya, ina zan kai yaran nan?" Mun ga gwauraye a ikilisiyarmu waɗanda aka fitar wa da kaya waje tun ba a share makoki ba. Ba ni da amsar da zan ba ta.

Duk da haka ni ma ina da nawa dalilai. Na tuna 1991, da aka fitar da Jihar Kebbi daga Sakkwato, da 1996, da aka fitar da Zamfara. Ma'aikata da yawa aka ce su koma Birnin Kebbi ko Gusau. Mai haya ya ɗaure kayansa ya hau mota. Wanda ya kai gini linta kuwa, wani sai da ya sayar cikin gaggawa, dillali ya taya yadda ya ga dama. Ban da haka, filin da albashin malami zai iya saya yana can bayan gari, inda babu famfo. Kuɗin 'yan ga-ruwa da na kabu-kabu zuwa makarantar yara, in ka tara su, wata haya ce. Bashin banki kuma ba na talaka ba ne: a Nuwamba 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwa suna ɗora nasu a kai. Akwai Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, inda ake yanke kashi 2.5 na albashi, a ba da rance a kan ruwa kashi 6, amma sai mai cikakkun takardu da dogon haƙuri.

Akwai kuma tambayar da ke damun duk wanda aiki ya kawo shi: a ina zan tsufa? Zuciyata tana Zuru. 'Ya'yana kuwa a nan aka yanke cibiyarsu, Sakkwatanci ne a bakinsu. In na yi gini a ƙauye, wa zai zauna a ciki bayana?

Da muka ɗora duka a ma'auni, sai muka ga ba dole ne mu zaɓi ɗaya yau mu yar da ɗaya ba. Muka shirya mu ci gaba da haya, amma mu fara da fili, tun da shi ne yake gudu ya bar mu. Muka ɗaure kanmu da sharuɗɗa uku: ba za mu taɓa kuɗin makarantar yara ba, ba za mu ci bashi mai ruwa ba, ba za mu biya ko kwabo ba sai mun ga takardu.

A kan takardu ina roƙon mai karatu ya buɗe kunne. Bisa ga Dokar Filaye ta 1978, ƙasar jiha tana hannun gwamna. Abin da kake saye izinin zama ne, yawanci na shekara 99, sai da yardar gwamna kuma ake sauya masa suna. Saboda haka rasidin dillali bai isa ba. Je Ma'aikatar Filaye a duba lambar filin. Gai da mai unguwa da maƙwabta, ka tambayi tarihinsa. In gonar gado ce, duk magada su sa hannu a gaban shaidu. Ka kuma je ka ga filin a watan Agusta bayan an ɗauke ruwa, gama filin da ya yi kyau da rani yakan zama tafki da damina. Waɗanda suka ga ambaliyar Rima ta 2010, da ta katse hanyar jami'a, sun san abin da nake nufi. Daga ƙarshe, matarka ta san inda takardun suke, ka rubuta wasiyya tun kana da lafiya.

Ginin kuwa sannu sannu muke yinsa. Duk ran da mai ɗakina ta kwashi adashi, ba ya kwana a gida, wurin masu bulo yake wucewa. Mun zagaye katanga, mun tayar da ɗaki biyu da makewayi. Ran da aka buga kwano za mu tare, ko da ba a yi filasta ba, domin daga ranar kuɗin haya zai koma kuɗin siminti.

Ban ce kowa ya bi sawunmu ba. Saurayin da ya fara aiki jiya, ko ma'aikacin da ake iya sauya wa gari gobe, haya ta fi masa, ba kuwa abin kunya ba ce. Kada ginin wani ya sa ka cire ɗanka daga makaranta. Amma maigidan da furfura ta fara fito masa, ya zauna da matarsa a daren nan su tambayi juna: shekara nawa ta rage a aiki, a wane gari za mu tsufa, me kuma za mu iya ajiyewa kowane wata ba tare da tukunya ta kwana da sanyi ba? Amsar waɗannan ita za ta nuna muku hanya. Allah ya rufa asirin gidajenmu, amin.