Tukunya a Kan Dutsen Shere

Maigidana yana son abu biyu: girki da hawan dutse. A dā nakan ji kunya in maƙwabta suka tarar da shi a bakin murhu. Da bikin Kirsimeti ya matso, na rasa abin da zan saya masa, ga kuɗin hannuna kaɗan ne.

A Jos muke zaune. Gabas da gari akwai duwatsun Shere, waɗanda tsayinsu ya kai mita 1,829 daga teku. Can yakan yini ran Asabar, ya komo da yunwa, hunturu ya farfasa masa leɓe.

Sai na tafi Naraguta wurin dukawa, na sayi jakar fata mai maratayi. Na sa ƙaramar tukunya a ciki, da ashana, da yaji, da mudun acca, gama acca tana nuna da wuri.

Da ya buɗe, ya yi shiru. Can ya ce, "Uwargida, gwaten mutum ɗaya ba ya daɗi."

Kashegari muka hau tare, ina haki, yana jirana. A bisa ya kafa duwatsu uku ya dafa gwate, muna hangen Jos a cikin hazo. Kafin mu sauko ya kashe wutar sarai saboda busasshiyar ciyawa.

'Yan'uwa mata, kafin ku tafi kasuwa, ku lura da abin da mai gida yake ƙauna, ko da mutane suna dariya.