Giya ta Biyu da Ta Fi Hanya Tsawo

A watan Yunin bara na biya wasu kuɗi da har yau ban bayyana wa uwargidana adadinsu ba, na ɗauki hayar motar sukuwa ta yini guda. Irin motocin nan ne masu kujera biyu, gajeru kamar sun durƙusa, waɗanda ba a ƙera su don kai yara makaranta ko ɗauko buhun shinkafa ba. Ƙarfin injinta ya haura doki 400, giyarta kuma ta hannu ce mai lamba shida. Gwaji na je yi, domin na riga na ƙulla niyyar sayar da ƙaramar motata, Mazda MX-5 ta 2019, in ci bashi in sayi babba irin wannan. Da sanyin safiya na baro Leeds, inda nake zaune, na nufi tuddan Yorkshire, wurin wata hanya da na daɗe ina yi wa tanadin wannan rana. Ta tashi daga garin Hawes, ta haura tudun Buttertubs, ta gangara ƙauyen Thwaite. Siririya ce, kwana na bin kwana, ga katangun dutse, ga tumakin da ba su san darajar ransu ba.

Na shiga hawan a lamba biyu. Na fito daga kwanar farko na taka totur, motar ta zabura, na taka burki saboda kwana ta gaba, har yanzu lamba biyu. Sai da na gangara Thwaite na tsaya gefen hanya, sannan na lura cewa hannuna na hagu, wanda a Ingila shi ne mai aikin giya, bai bar sitiyari ba tun daga gindin tudun. Allurar da ke ƙirga juyin inji ba ta ko kusanci jan layi ba. Kukan nan da na biya kuɗi don in ji, wanda inji ba ya yin sa sai ya kusa ƙurewa, ban ji shi ba ko sau ɗaya. Na yi sauri, babu shakka, amma ji na yi kamar an ba ni ingarman doki aka ce in yi kilisa cikin zaure.

A hanyar komawa na samu miƙaƙƙen wuri, zuciya ta ce kai ma ka ɗanɗani abin da ka biya. Na bar ta a lamba biyu, na danne totur har injin ya buɗe murya. Daƙiƙa uku ne ko huɗu, kuma sun yi daɗi. Bayan 'yan makonni wasiƙa ta iso: mil 79 a awa a inda doka ta ce 60, tarar fam 100 da maki uku a kan lasisina. A ƙasar nan wanda ya tara maki 12 cikin shekara uku kotu kan hana shi tuƙi, ni kuwa da mota nake zuwa neman abinci. Ba zan ambaci sunan motar ba, tunda ƙafata ce ta yi laifin. Amma wasiƙar ta zaunar da ni gaban takarda da alƙalami ina neman amsar tambaya guda. Me ya sa motar da ta ninka tawa ƙarfi sau biyu da ɗoriya ba ta ba ni nishaɗi ba sai da na karya doka?

Amsar tana cikin giya, wadda ke ƙarƙashin mota nake nufi, ba wadda malamai ke wa'azi a kanta ba.

Duk wanda ya taɓa hawa keke mai giya ya san rabin karatun. Idan farantin gaba yana da haƙora 48, na baya 16, kowane juyin feda ɗaya zai juya taya sau uku: tafiya mai nisa, amma cinya za ta ji jiki. Mayar da sarƙar kan farantin baya mai haƙora 32, sai juyin tayar ya koma ɗaya da rabi, feda ta yi sauƙi, ka hau tudu kana hira. Giya ba ta ƙara wa kowa ƙarfi. Musaya take yi, ta karɓi juyi ta ba da ƙarfin murɗawa, ko ta karɓi ƙarfin murɗawa ta ba da nisa. A mota ana rubuta wannan musaya da lamba, wato sau nawa inji zai juya kafin sandar da ke fita daga akwatin giya ta juya sau ɗaya. Sannan akwai giyar ƙarshe da ke tsakanin tayoyin da ke tura motar, wadda ke sake rage juyin. Ka ninka lambobin biyu, ka samu adadin juyin inji a kowane juyin taya. Idan adadin ya yi yawa, giyar gajera ce: mota ta zabura da ƙarfi, amma ta ƙure da wuri. Idan ya yi kaɗan, doguwa ce.

Misalin da marubutan mujallun mota suka fi tattaunawa a kai shi ne Porsche 718 Cayman GT4 ta 2019, motar da kusan dukansu suka yaba, sannan da yawansu suka tsaya a kan tsawon giyarta. Injinta lita huɗu ne, doki 420, jan layinsa yana kan juyi 8,000 a minti. Lamba biyu 1.95 ce, giyar ƙarshe 3.89, wanda ya ba da kusan juyin inji 7.6 a kowane juyin taya. Kewayen tayarta ta baya ya kai mita 2.15. Da ka haɗa lissafin, lamba biyu ba ta ƙurewa sai wajen kilomita 136 a awa, lamba uku kuwa sai ta kusa 190. Iyakar gudu a manyan titunan Ingila mil 70 ne, kusan kilomita 113, a Faransa kuma kilomita 130. Ke nan a ƙasashen biyu babu hanyar da za ka kai lamba biyu ƙarshenta kana cikin doka, ga kuma giya huɗu a sama suna jiran ka.

Sai na ɗauko lambobin MX-5 ɗina. Doki 184, jan layi a juyi 7,500, lamba biyu 2.991, giyar ƙarshe 2.866, wato kusan juyin inji 8.6 a kowane juyin taya, tayar ma ƙarama ce. Lamba biyu tana ƙurewa wajen kilomita 100. Iyakar hanyoyin karkara na Ingila mil 60 ne, kusan kilomita 97. A wannan gudun injina yana juyi fiye da 7,000, daidai inda yake ba da dukan abin da yake da shi, yana kuka iyakar muryarsa, kuma babu mai aiko mini da wasiƙa. GT4 a gudun nan, a lamba biyu, tana wajen juyi 5,700, alhali cikakken ƙarfinta sai a 7,600 yake zuwa.

Wani lissafin ya fi ba ni mamaki. Ƙarfin murɗawar injin GT4 ya ninka na MX-5 sau biyu, 420 da 205 a ma'aunin niyuton-mita. Amma abin da bayan direba ke ji shi ne abin da ya isa ƙasa bayan ya bi ta giya da taya, aka kuma raba shi da nauyin motar. MX-5 ba ta wuce tan ɗaya da kaɗan ba, GT4 ta haura tan 1.4. Idan aka yi wannan rabon a lamba biyu, ratar turin da ke tsakaninsu ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Babbar ta fi gudu nesa ba kusa ba, domin turin nata yana ci gaba har kilomita 136. Sai dai wannan ci gaban yana faruwa ne a wurin da doka da tumaki suka hana ni zuwa.

Tsawon giya rabin magana ne, sauran rabin kuwa tazarar da ke tsakanin lambobin. Duk lokacin da ka sa giya ta gaba, juyin inji yana faɗuwa gwargwadon bambancin lambobin biyu. A motata, daga biyu zuwa uku allura tana sauka daga 7,500 zuwa wajen 5,100, daga uku zuwa huɗu kuma zuwa wajen 5,900, kullum cikin yankin da injin ke da kuzari. Injin da ƙarfinsa ke can sama ya fi kowa bukatar giyoyi matsattsu. Honda S2000 ta 1999 tana kai wa juyi 9,000, amma ba ta farkawa sosai sai allura ta kai wajen 6,000, saboda haka aka jera giyoyinta shida kusa da juna don kada direba ya faɗo ƙasa da wannan layi. Aikin riƙe ta a can sama shi ne wasan gaba ɗaya.

Masu ƙera mota ba su rasa dalilan tsawaita giya ba. Doguwar giya tana rage juyin inji a gwajin shan mai da hayaƙi, tana kuma rage ƙara a gwajin da hukumomi ke yi wa mota tana wucewa gaban na'urar auna sauti. Akwai kuma lambar talla: daƙiƙa nawa daga tsaye zuwa kilomita 100. Motar da lamba biyunta ta haura 100 za ta isa can da canjin giya ɗaya tak. Toyota 86 ta farko, ta 2012, lamba biyunta tana ƙurewa ƙiris kafin 100, dole a sa uku, agogo ya ci wani abu daga daƙiƙa. A takarda wannan asara ce, a kan hanya mai kwana-kwana kuwa ni riba na ɗauke shi. Adalci kuma shi ne a faɗi cewa GT4 an yi ta ne da fagen tsere a zuciya, kuma gudunta yana kai wa kilomita 304. A fage irin Nürburgring na Jamus, giyar da za ta ɗauke ka daga shiga kwana har fita ba tare da ka saki sitiyari ba alheri ce. Shi ma kamfanin ya taɓa wannan lissafi daga baya: sabuwar 911 GT3 da ya fitar a 2024 an gajarta giyarta ta ƙarshe da kashi takwas cikin ɗari. Gajerar giya ita ma tana da nata kuɗin fito, domin idan lamba ta sama ba ta da tsawo, tafiyar awa uku a babban titi za ta cika maka kunne ta kuma sha maka mai.

Abin da lambobi ba su nuna ba shi ne aikin da canjin giya ke ba jiki. Kawuna ne ya koya mini tuƙi a Zariya, a tsohuwar Peugeot 504 mai lamba huɗu, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna. Idan na zuba wa maleji ido sai ya ce, "Kai yaro, ɗaga kanka. Kunne ke sa giya." A lokacin na ɗauka faɗan manya ne kawai. A kan Buttertubs na gane cewa abin da nake kira daɗin tuƙi tarin ƙananan shawarwari ne: hango kwana, taka burki, taka kuloci, ɗan taɓa totur don juyin inji ya dace da giyar da za ka koma, saki ƙafa ba tare da motar ta girgiza ba. Idan ka yi daidai, jikinka zai sani kafin kwakwalwarka. Idan ka kuskure, kwana ta gaba tana nan tafe ka gyara. Motar hayar ta ɗauke mini wannan aiki saboda tsabar iyawarta, ta bar ni da sitiyari da burki.

Ban sayar da MX-5 ɗin ba. A watan Satumba na koma da ita Hawes, rufinta a buɗe, iska mai sanyi tana shiga kunne. Na yi niyyar ƙirga canjin giyar da zan yi kafin Thwaite, amma lissafin ya ɓace mini bayan na wuce ashirin, a wata kwana da na komo daga uku zuwa biyu, ƙarar injin ta bugi katangar dutse ta dawo mini. Sau ɗaya na leƙa maleji a miƙaƙƙen wurin da ke saman tudun, na ga mil 54. Da na isa gida uwargida ta dubi gashina da iska ta hargitsa, ta ce, "Baban Amina, wannan karon ma mu sa ran wasiƙa?"