Gani Ya Kori Ji? Mu da Finafinan Tarihi

Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma mu da muka tashi muna kallon finafinan tarihi mun ga inda wannan karin magana take da iyaka. Muna cikin waɗanda suka yi firamare da ƙaramar sakandare a shekarun da aka cire darasin tarihi daga manhajar makarantun Najeriya, wato daga 2009 har kusan shekara goma bayan nan. Sunayen mazan jiya da yawa a talabijin muka fara jin su, ko a faifan da ake haya a bakin kasuwa, daga baya kuma a wayoyin yayyenmu. Ku ƙannenmu da ke sakandare yanzu an dawo muku da darasin, amma finafinan ma sun ƙaru, har da fassararsu cikin Hausa. Shi ya sa muka ga ya dace mu gaya muku abin da muka fahimta game da su, don ku ji daɗin kallo ba tare da kallon ya sace muku tarihi ba.

Fim ɗin da ya fi zama a zukatanmu shi ne na Umar Mukhtar, wanda ainihin sunansa Lion of the Desert. Mustafa Akkad, ɗan asalin ƙasar Siriya, shi ya ba da umarninsa, ya kuma fito a 1981. A cikinsa muka ga dattijo malamin allo ya ajiye darasi ya hau doki, ya yi shekara 20 yana fafatawa da sojojin Italiya a Libiya. Ginshiƙin labarin gaskiya ne. Italiya ta shiga Libiya a 1911. Janar Graziani ya tattara mutanen karkara ya tsare su a sansanoni, inda dubbai suka mutu saboda yunwa da cuta, ya kuma shimfiɗa wayar ƙaya a kan iyakar Libiya da Masar don a toshe hanyar abinci da makamai. An kama Umar Mukhtar a watan Satumba na 1931, aka rataye shi ranar 16 ga watan a garin Suluk, a gaban dubban mutanen da aka tilasta wa kallo, yana da shekara sama da 70. Shi ɗan ɗariƙar Sanusiyya ne, kuma kafin yaƙin Italiya ya zauna a ƙasar Chadi, inda 'yan ɗariƙar suka yi artabu da Faransawa. Ashe labarinsa bai yi nisa da mu ba.

Sai dai fuskar da take zo mana a rai idan an ambaci Umar Mukhtar fuskar Anthony Quinn ce, ɗan wasan da aka haifa a Meziko. Shi dai ne ya fito a matsayin Sayyidina Hamza a fim ɗin The Message na 1976, na Turancin, wanda shi ma Akkad ya shirya. Mutum biyu ne da ƙarni goma sha uku ya raba su, amma fuska ɗaya muke gani. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa abin da ido ya gani a fim zaɓin wani ne. Akwai hoton Umar Mukhtar na gaskiya, wanda Italiyawa suka ɗauka bayan sun kama shi, yana ɗaure da sarƙa. Ku neme shi a intanet ku gwada da na fim.

Daga nan muka koyi yin tambaya ta farko: wa ya biya kuɗin fim ɗin? Gwamnatin Libiya a zamanin Mu'ammar Gaddafi ce ta zuba miliyoyin daloli a aikin. Ita kuma Italiya ta hana a nuna shi a ƙasarta, don a ganinta ya zubar da mutuncin sojojinta, sai a 2009 aka haska shi a wata tashar talabijin ta ƙasar, lokacin da Gaddafi ya kai ziyara birnin Rum da wancan hoton maƙale a ƙirjinsa. Gwamnati ɗaya ta biya don a gani, wata ta hana don kada a gani. Kowacce ta san cewa fim yana gyara yadda jama'a ke tuna baya. Biyan kuɗi ba ya mayar da labari ƙarya, amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, don haka yana da kyau mu san mai ladan.

Tambaya ta biyu kuwa shirin Ertugrul ne ya koya mana ita: nawa aka sani, nawa aka ƙara? Tashar gwamnatin Turkiyya, TRT, ta nuna shirin daga 2014 zuwa 2019, kashi 150 a zango biyar, kowane kashi kusan awa biyu. Shi Ertugrul an yi shi a zahiri. Shi ne mahaifin Usman wanda ya kafa daular Usmaniyya, ya rasu wajen 1280, kabarinsa yana garin Sogut, kuma an samu wani tsabar kuɗi na zamanin Usman da ke ɗauke da sunansa. Amma abin da masana suka tabbatar game da rayuwarsa bai taka kara ya karya ba, domin littattafan farko da suka ba da labarinsa an rubuta su ne fiye da shekara 100 bayan rasuwarsa. To ina aka samo awa kusan 300 na makirci da soyayya da yaƙi? Marubutan shirin ne suka cike gurbin. Misali, shirin ya nuna Shehu Ibn Arabi yana yawan ganawa da Ertugrul yana yi masa nasiha. Ibn Arabi malami ne na gaske, ya rasu a Dimashƙa a 1240, amma babu wata tabbatacciyar shaida cewa sun taɓa haɗuwa. Za ku iya ɗaukar darasin jarumta da riƙon amana daga shirin, amma kada ku kafa hujja da shi a aji ko a majalisa.

Abin ya fi taɓa mu idan labarin na gida ne. A watan Nuwamba na 2021 Netflix ta saki fim ɗin Amina, wanda Izu Ojukwu ya ba da umarni, Lucy Ameh ta fito a matsayin sarauniyar, Ali Nuhu ma yana ciki. Mun yi murna da ganin sunan Zazzau a idon duniya, amma mutane da yawa a Arewa sun yi ƙorafi kan sutura da harshe da wasu al'adun da aka nuna. Da muka koma ga littattafai sai muka tarar cewa su kansu masana ba su daidaita a kan zamaninta ba. Kundin Tarihin Kano ya ambace ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wanda ya yi mulki daga 1421 zuwa 1438, ya ce yaƙe-yaƙenta sun kai har Kwararrafa da Nufe, kuma Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Wasu ruwayoyin kuma sun ce 'yar Bakwa Turunku ce, wato a ƙarni na 16. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello shi ma ya ambace ta a littafinsa Infakul Maisuri. Tsakanin ruwayoyin nan akwai ratar fiye da shekara 100. Mai shirya fim ba zai iya nuna zamani biyu ba, dole ya zaɓi ɗaya, ya ƙirƙiro mata magana da ƙawaye da abokan gaba. Ɗalibin tarihi kuwa aikinsa ne ya san cewa ruwayoyin biyu ne, ya kuma san inda kowacce ta fito.

Akwai wani fim da muke so ku nema, domin ƙalilan ne a cikin sa'o'inmu suka gan shi. Sunansa Sarraounia, na Med Hondo ɗan ƙasar Muritaniya, ya fito a 1986, ya kuma ci babbar kyautar bikin finafinan Afirka na FESPACO a Wagadugu a 1987. An gina shi a kan littafin da Abdoulaye Mamani na Nijar ya wallafa a 1980. Labarin Sarauniya Mangu ne ta garin Lugu a ƙasar Arewa, kusa da Dogon Dutsi, wadda ta ƙi miƙa wuya ga rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine a 1899. Rundunar nan ta ƙona garuruwa da dama, ta yi kisan kiyashi a Birnin Ƙonni, har labarin ta'asarta ya kai Faransa aka aiko Kanar Klobb ya dakatar da ita. Voulet ya sa aka harbe Klobb a watan Yuli na wannan shekara, kwanaki kaɗan bayan haka sojojinsu suka juya suka kashe Voulet da Chanoine. Rahotannin Faransawa ba su ba Sarauniya wani fili mai yawa ba. Bakin mutanen yankin ne ya riƙe sunanta, littafi da fim suka kai shi duniya. A nan muka samu tambaya ta uku: muryar wa aka ji, ta wa aka bari? Wani lokaci fim yakan tono mutumin da takardun masu mulki suka so su binne.

Me ya sa duk wannan ya dame mu? Na farko, mai duba takardar jarrabawar WAEC ko NECO ba zai ba ku maki a kan abin da marubucin fim ya ƙirƙira ba. Na biyu ya fi wannan nauyi. Fim yana buƙatar jarumi da mugu, don haka yakan wanke ɓangare ɗaya tas, ya shafa wa ɗayan baƙin fenti. Yaron da ya sha irin wannan kallo ba tare da tambaya ba zai iya tashi da ƙin wata ƙabila ko wata al'umma baki ɗaya saboda rawar da aka ba ɗan wasa. A ƙasa irin tamu, inda maƙwabcinka zai iya zama jikan waɗanda aka nuna a matsayin abokan gaba, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

Ba mu ce ku daina kallo ba, mu ma ba mu daina ba. Abin da muke yi yanzu shi ne, idan fim ya ƙare mukan rubuta sunaye uku da shekara ɗaya daga cikinsa, mu bincika su a littafi ko wajen malamin tarihi. Wanda ke Kano ya leƙa Gidan Makama, na Kaduna ya je Gidan Arewa, na Zariya ya tsaya ya dubi ragowar ganuwar birni da idonsa. Wanda ke da kaka a gida kuwa ya zauna kusa da ita da biro da takarda kafin lokaci ya ƙure.

Tun a 1976 Adamu Halilu ya mayar da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa zuwa fim, ya nuna cewa za a iya ba da labarin zamanin da cikin Hausa, da suturarmu da ɗabi'unmu. Har yanzu akwai labarai da ke jiran mai ɗauka, kamar na Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'yan taru don ilimi ya isa ga matan ƙauye. Wataƙila wanda zai rubuta wannan fim yana zaune a ajinku yanzu. Idan haka ne, ya fara da karatun abin da aka tabbatar, sannan ya ƙara abin da zai ƙara, ya kuma gaya wa masu kallo wanne ne wanne.