Gida Na Uku Ne Shaida

Ɗana, jadawalin nan da mushe ya ba ku a lakkol, x a sama y a ƙasa, ya ce ku nemo dokar da ta haɗa su, kada ka ɗauke shi baƙon abu. Duk mai kai kaya tsakanin Ɗan Barto da Mai'aduwa da ka yake yin sa. Kai ma ka iya mai sauƙin tun ana aikenka kasuwa: dala 20 tamma 100 ce, dala 200 jika guda. Ka ninka dala sau biyar, ga tamma. Mushe zai rubuta y = 5x, kuma in ka zana shi, layin daga sifili yake tashi, don marar dala ba shi da tamma.

Inda yara ke tuntuɓe shi ne in layin bai tashi daga sifili ba. A ce mai mota zai ɗauki wake buhu 10 a sefa 7,000, buhu 20 a 12,000, buhu 30 a 17,000. Mai gaggawa sai ya raba 7,000 kashi goma, ya ce buhu 700 ne, har ya yi ciniki a kan haka. Kai dai dubi tazarar da ke tsakanin gida da gida a jadawalin. Duk ƙarin buhu goma, ƙarin 5,000 ne, wato 500 a buhu. To buhu goma 5,000 ke nan, ina sauran 2,000 suka fito? Kuɗin tada mota ne, ko buhu ɗaya ka ɗora sai ka biya su. Dokar ke nan: y = 500x + 2000. Shi ya sa ƙaramin ɗan kasuwa ke neman abokin haɗa lodi, a raba wannan 2,000 ɗin.

Kada ka tsaya a gida biyu. Ɗigo biyu, ko ina suke, ana ja musu miƙaƙƙen layi. Na uku ne shaida. Saka 30 a dokarka, in ba ta ba ka 17,000 ba, koma baya. In kuwa ka ga tazarar kanta sai ƙaruwa take, zanen lanƙwasa yake, kada ka tilasta masa miƙewa.

Abin da ya fi damuna kuma, ka san inda jadawalinka ya ƙare. Sefa ɗaure take da Yuro, sefa 655.957 a Yuro ɗaya, tun 1999, ana iya ja mata layi a kwana lafiya. Naira kuwa an sake ta a Yunin 2023, wata na biye aka yi juyin mulki a Yamai, ƙungiyar Cedeao ta sa aka rufe iyaka har Maris 2024. Waɗanda suka ba da bashi da naira bisa canjin littafin bara, da idona na ga jarinsu ya zube. Motar nan ma in ta cika, buhu na gaba wata motar yake nema, da wani sabon 2,000.